Kula da Batir da Kawunansa a Yanayin Ƙasar Gwandu da Kalgo

1.0 Gabatarwa



Alhazanmu da suka sauke farali a 'yan shekarun nan sun ga wasu ƙananan motoci marasa ƙara da hayaƙi suna ɗaukar tsofaffi da gajiyayyu a Masallacin Harami. Asalin irin waɗannan motoci na filin wasan golf ne, sun kuwa fara yaɗuwa a Amurka cikin shekarun 1950. Ba su da tankin mai. Ƙarƙashin kujerarsu batura ne a jere, shida ko takwas. Babu filin golf a Gwandu ko Kalgo, amma irin batirin da ke tura wannan mota, watau batirin dalma mai jure dogon aiki, ya shigo mana ta wata ƙofar. Shi ne a shagon mai cajin waya, da ɗakin shan magani, da masallaci, da gidajen da suka kafa sola. Wutar da ke zuwa Birnin Kebbi daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, ba ta wadatar da ƙauyuka ba, sa'an nan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sa janareta ya gagari mutane da yawa. Sai aka koma ga rana da batir.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa yawancin baturan da ke mutuwa a hannunmu ba tsufa ne ke kashe su ba, kuma umarnin da masu ƙera su ke bugawa an tsara shi ne bisa yanayin da ba namu ba. Saboda haka wajibi ne mu daidaita kulawar da bazararmu da daminarmu da hunturunmu.

2.0 Abin da ke cikin batir

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago batirin dalma a 1859, har yau kuwa tushen aikinsa bai sauya ba. An raba akwatin batir ɗaki-ɗaki. A kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu, a tsome cikin asid na farar wuta da aka sirka da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da ƙarfin lantarki kimanin bolt 2.1. Ke nan batir mai bolt 6 ɗaki uku gare shi, mai bolt 12 kuma ɗaki shida.

Idan ana jan wuta, asid yana shiga farantan ya haɗu da dalma, su zama wani farin gishiri, ruwan ɗakin kuma ya yi ta tsinkewa. Idan aka sa caji sai al'amarin ya juya: gishirin ya narke, asid ya komo cikin ruwa. Muddin wannan kai da komo yana gudana, batir na da rai. To, amma in aka bar gishirin ya daɗe a kan faranti ba a mayar da caji ba, sai ya ƙanƙare ya ƙi narkewa, wannan ɓangare na farantin kuwa ya tashi daga aiki ke nan.

Motar golf tana aiki da bolt 36 ko 48, kamar yadda manyan inbatocin gida ke aiki da bolt 24 ko 48. Don a sami wannan sai a jera batura, kan ƙari na wannan a haɗa shi da kan ragi na wancan, har ƙarshe. Batura takwas masu bolt 6 za su ba da bolt 48, watau ɗakuna 24 da kawuna 16. Hanya guda ce wuta ke bi ta ratsa su duka. Saboda haka ɗaki ɗaya da ya bushe, ko kai ɗaya da ya saki, ya isa ya durƙusar da jerin baki ɗaya.

3.0 Kawunan batir

Na fara da kawuna ne don su aka fi rainawa. Mutum zai kashe kuɗi masu yawa ya sayi batura, sa'an nan ya haɗa su da guntayen wayoyin da ya tsinto, ya murɗa noti da yatsa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Zafin da ke tashi a mahaɗa shi ne yawan wutar da ke wucewa, a ninka shi da kansa, sa'an nan a ninka da turjiyar mahaɗar. A ɗauka inbata mai bolt 24 tana ɗauke da kayan wat 1,200. Wutar da take ja daga batir amfiya 50 ce. In tsatsa ko sakin noti ya sa turjiyar kai ɗaya ta kai om 0.01, abin da ƙaramar mitar kasuwa ma ba za ta iya aunawa ba, to zafin da zai taru a wurin shi ne 50 sau 50 sau 0.01, watau wat 25. Wannan daidai yake da ƙaramin ƙarfen liƙi na mai gyaran rediyo, a ɗora shi a kan batir a bar shi a kunne. In wutar ta ninka zuwa amfiya 100, kamar lokacin da mota ke hawan tudu ko famfon ruwa ke tashi, zafin ba ninki biyu zai yi ba, huɗu zai yi: wat 100. Dalma kuwa tana narkewa a digiri 327, tun kafin nan ma robar akwatin ta yi laushi. Zafi yana ƙara sassauta noti, sassaucin kuma yana ƙara zafi. Haka abin ke ci gaba har ranar da za a ji ƙauri.

Akwai wata ɓarna ta biyu da ba a gani. Wannan mahaɗa tana cinye rabin bolt a hanya. Na'urar caji za ta ga kamar batir ya cika alhali da saura, inbata kuma ta ga kamar ya ƙare alhali da sauran wuta. Na taɓa zuwa shagon wani mai cajin waya a Kalgo wanda ya riga ya yi cinikin baturansa biyu da 'yan gwangwan, wai sun mutu. Da na taɓa kan ɗaya daga cikinsu sai da na janye hannu don zafi. Bayan an wanke an ɗaure, baturan suka ci gaba da aiki.

Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kai kamar furen auduga, tururin asid ne ya ci dalma da jan ƙarfen waya. Maganinsa a wanke da abin da ke kashe kaifin asid. Littattafan Turawa sodar masu gasa burodi suke ambatawa. Mu kuwa muna da kanwa a kowace kasuwa, sinadarin da ke cikinta kuma dangin wannan soda ne. A jiƙa ta cikin ruwan ɗumi, a tace yashin, a shafa da tsohon burushi; za a ga yana kumfa, in kumfar ta tsaya asid ya mutu. Sai a ɗauraye, a tsane da tsumma, a goge kan da bakin wayar da samfefa har su yi ƙyalli. Sharaɗi guda ne mai tsanani: murafun ɗakuna su kasance a rufe ruf, domin ruwan kanwa in ya shiga ciki zai kashe asid ɗin da batir ke aiki da shi. Masu zuba lemon kwalba kuma su daina. Yana ɗan cire garin, amma yana barin sukari mai kama ƙura.

Wajen mayarwa, bakin waya ya kwanta kai tsaye a kan dalma, washa ta zo daga sama. Duk wanda ya sa washar ƙarfe a tsakani ya sa wa wuta shinge da hannunsa. A ɗaure da sufana har ya daina motsi, kada a wuce nan, don dalma ƙarfe ne mai laushi. Kada a buga da guduma, kada kuma a cusa ƙusa don cike giɓi, kamar yadda wasu direbobi ke yi. Bayan an ɗaure ne ake shafa basilin ko giris a lulluɓe mahaɗar, ba kafin ɗauri ba.

Game da tsaron lafiya: a kashe inbata da na'urar caji tukuna, a fara cire kan ragi, shi kuma za a mayar daga ƙarshe. A cire zoben azurfa da agogo, a naɗe hannun sufana da roba. Batir guda yana iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin sufanar da ta gitta kawunansa biyu, zobe kuwa yakan yi ja a yatsa kafin mutum ya iya zare shi.

4.0 Rikicin "ruwan batir"

A nan akwai wata matsala ta harshe wadda ya kamata masana Hausa da ke wannan zaure su duba. In Bahaushe ya ce "ruwan batir", asid yake nufi, kamar yadda mukan ji a labarai an watsa wa wani ruwan batir. Amma da wannan suna dai ake kiran tataccen ruwan da ake ƙara wa batir. Abu biyu masu saɓani, suna ɗaya. Sakamakon haka sai a aiki yaro ya sayo ruwan batir, ya dawo da asid, a zuba. Ina ba da shawarar a riƙa cewa "asid" ga na farko, na biyun kuma "ruwan tururi", tun da ta hanyar tafasawa da tara tururi ake samunsa.

Dalilin da ya sa wannan ya zama abin damuwa shi ne, idan caji ya kusa cika, wuta tana fasa ruwa ya zama iska biyu, haidirojin da oksijin, su fice ta murfi. Ruwa ne kaɗai ke tafiya. Asid yana nan. Wanda ya ƙara asid ya ƙara wa abin da ya riga ya yi kauri kauri, farantai kuma su zagwanye. Ba a ƙara asid sai in batir ya kife ya zube, wannan kuwa aikin gwani ne.

To, wane ruwa za a zuba? Masana ƙasa sun raɗa wa shimfiɗar yashi da yumɓun da ke riƙe da ruwan wannan yanki sunan Gwandu. Ruwanta yana da daɗin sha, amma a wurare da dama akwai ƙarfe a cikinsa; jan da ke kwantawa a gindin tanki shi ne shaida. Ƙarfe kuwa ko kaɗan ne yana sa batir ya riƙa zubar da cajinsa yana zaune. Ruwan rijiya, da na burtsatse, da na famfo, da na leda, duk ba su dace ba, domin tacewar da ta isa sha ba ta cire ma'adinai. Tafasawa ma ba ta cire su, sai dai ta ƙara tara su. Ni a ganina makarantun da ke da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya su ne ya dace su riƙa samar wa garuruwansu ruwan tururi, don na kasuwa ba kullum ake sanin asalinsa ba.

Lokacin zubawa shi ne bayan caji ya cika, saboda ruwan ɗaki yana kumbura da caji. In aka cika shi tun da fari zai yi ambaliya, asid ya zube a kan kawuna. Sai fa in an tarar farantai sun fito fili: a nan sai a zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, sa'an nan a ƙarasa. Kada a cika har baki. Dogayen baturan nan da ake kira tubula suna da 'yar sanda mai iyo da ke nuna matsayin ruwa, amma takan maƙale, gara a buɗe a duba da ido. Da tocila za a duba. Haidirojin yana kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, saboda haka ashana da aci-balbal da sigari ba su da wuri kusa da batir. In asid ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na minti 15, sa'an nan a nufi asibiti.

Baturan da aka rufe ruf daga masana'anta, da na litiyam da suka shigo kasuwa daga baya, ba a buɗe su, ba a ƙara musu ruwa. Amma duk abin da na faɗa game da kawuna ya shafe su.

5.0 Kulawa bisa lokutan shekara

Alƙaluman da ake bugawa a jikin batir an auna su ne a zafin digiri 25 ko kusa da haka. Ƙa'idar da masu ƙira suka yarda da ita kuwa ita ce, kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan yana raba kwanan batir biyu. Batirin da aka ce zai yi shekara 5, in ya zauna a digiri 35, shekara biyu da rabi za a sa ran ya yi. A Gwandu da Kalgo zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi waje zafi.

Saboda haka bazara ita ce babbar abokiyar gaba. Wurin ajiya shi ne magani na farko: ɗakin ƙasa mai kaurin bango da taga biyu ya fi shagon kwano nesa ba kusa ba. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin batir da batir don iska ta ratsa. Af, zancen da ake yi cewa daɓen siminti yana shanye cajin batir ba shi da tushe a yau. Ya samo asali ne tun zamanin akwatunan katako da na roba mai tsattsafo. Sanyin daɓe ma alheri ne, in dai ruwa ba ya kwanciya a wurin.

Magani na biyu shi ne rage ƙarfin caji. Batir mai bolt 12 yana bukatar kimanin bolt 14.4 zuwa 14.8 don ya cika a digiri 25. Da zafi ya ƙaru sai a rage kimanin bolt 0.03 a kowane digiri, watau a digiri 40 a rage kusan rabin bolt. Kwanturola mai kyau tana zuwa da 'yar wayar aunin zafi da ake mannawa a jikin batir don ta yi wannan da kanta, amma sau da yawa nakan tarar da ita a cikin kwali, mai haɗawa bai san amfaninta ba. Rashin wannan gyara ne ke sa batir ya yi ta tafasa da rana tsaka, ruwa ya ƙare. Duban wata-wata da littafi ya ce bai isa a bazara ba. A duba ruwa duk mako biyu, inda aiki ya yi yawa ma kowane mako. In jikin batir ya kai digiri 50, a dakatar da caji.

Damina kuma matsalarta akasin haka ce. A Yuli da Agusta hadari yana rufe rana, faifan sola ba ya cika batir, masu gida kuwa ba su rage kaya ba. Batir sai ya yi makonni bai cika ba, gishirin nan ya ƙanƙare. Ma'aunin da za a riƙe shi ne kada a sha fiye da rabi. Batir mai bolt 12 da ya huta awa kaɗan, ba caji ba kaya, yana nuna kimanin 12.7 in ya cika, 12.1 zuwa 12.2 kuwa rabi ke nan. Inbatoci da yawa ba sa yankewa sai wajen bolt 10.5, lokacin an riga an tatse shi sarai. Kada a jira kukansu. Haidiromita, wadda ke auna kaurin ruwan kowane ɗaki, ta fi mita gaskiya: cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.265 zuwa 1.280. In bambancin ɗaki da ɗaki ya kai 0.030, sai a yi cajin daidaitawa, watau a ɗaga zuwa bolt 15.5 ko 16 na 'yan awoyi, taga a buɗe, an cire kaya, da sanyin safiya. Wannan na batir mai ruwa ne kawai.

Da hunturu batir yana samun sauƙin zafi, sai dai ƙura. Tana rufe faifan sola ta rage caji, tana kuma kwanciya a saman batir ta jiƙa da tururin asid, ta zama siririyar hanyar da wuta ke bi daga kai zuwa kai. Wanda ke shakka ya ɗora tsinken mita ɗaya a kan ragi, ɗayan a kan robar batir mai datti, zai ga tana karatu. Shafa da tsumma mai ɗan ruwan kanwa sau ɗaya a mako ya wadatar.

Akwai kuma lokacin zaman banza, kamar dogon hutun makaranta ko tafiya cin rani. Batir mai ruwa yana zubar da kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na cajinsa a wata ko ba a taɓa shi ba, a zafi ma abin ya fi sauri. A cika shi kafin a tafi, a cire kaya, a kuma wakilta wanda zai sake cika shi kowane wata.

Halaye biyu ne kuma ba ruwansu da lokaci. Na farko, sa sabon batir cikin jerin tsofaffi: tsofaffin za su jawo shi zuwa matsayinsu. Na biyu, jan bolt 12 daga batir guda a cikin jeri don kunna fanka ko ƙwan fitila. Wannan batir zai riƙa zama ƙasa da 'yan'uwansa, su suna wuce ƙima a caji shi bai cika ba. Ni kaina na yi wannan kuskure a gidana, na kuwa yi asarar batura biyu a damina guda.

6.0 Idan batir ya mutu

Fiye da rabin nauyin batir dalma ce, dalma kuwa guba ce, musamman ga ƙananan yara. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne na unguwar Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta ƙasar Sanigal, inda yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura da tara dalmarsu a cikin unguwa.

Yawan baturan da suka shigo garuruwanmu tun 2023 yana nufin nan gaba kaɗan za su mutu da yawa a lokaci guda. Kada a fasa su a tsakar gida, kada a narka dalmar a murhun girki don yin nauyin birgi ko wani abu, kada a tuttular da asid kusa da rijiya, kada kuma a mai da akwatin mazubin ruwan kaji ko awaki. A sayar da shi a rufe, da ruwansa a ciki, ga dillalin da zai kai shi masana'antar narkarwa, ko a mayar wa mai shagon da ya sayar da shi a rage kuɗin sabo. Kafin a zo ɗauka, a ajiye shi a tsaye, a inuwa, inda yara ba sa kaiwa.